Ido Biyu a Hoto Ɗaya

Ku 'yan matan da anka kawo mana bana ku koyi aikin allo, na ji abin da ɗayarku ta ce ranar da kunka iso. Ta dubi 'yar uwarta ta ce, "Ashe riƙon waya na kawai." Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka da farko. Bakina ba ya da saurin magana, shi ya sa na ga gara in rubuta muku. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, bayan na haifi 'ya'ya na shiga ajin, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Allo shi ne sunan da mutanen garinmu sunka sa wa babbar wayar nan, don faɗinta ya yi kama da allon karatu. Likita tana Sakkwato, mu muna nan ƙauye arewa da Tsamaye. Ta cikin allo take ganin mara lafiya, ta ji maganarsa. Amma ba ta iya taɓa goshinsa, ba ta jin warin miki, ba ta ganin yadda ya tako daga ƙofa zuwa benci. Wannan duk yana wuyan mai riƙe da allo. Abin da ba ki nuna mata ba, a wurinta babu shi.

Da shara da ɗibar ruwa na fara a ɗan asibitin nan. Wadda ta koya mini aiki ita ce Malama Saudatu, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar garin Isa. Aikin farko da ta sa ni, ta ce in ɗauki hoton tafin hannuna da hantsi, in sake da rana tsaka, in sake cikin ɗaki. Da na kawo mata, ta jera mini su. Hannu ɗaya ne, amma ya fito kala uku: nan ja, nan fari fat kamar na mara jini, nan kuma toka-toka.

Ta ce, "Kin gani, Rabi? Wajen launi waya maƙaryaciya ce. Rana tana sa ta ƙarya, inuwa ma haka. Don haka in likita ta nemi ganin cikin fatar idon mutum, kar ki taɓa tura mata ido shi kaɗai. Ki sa idon mai lafiya kusa da shi, kumatu jikin kumatu, a hoto ɗaya. In wayar ta yi ƙarya, ta yi wa su biyun tare, bambancin yana nan."

Na daɗe ba ni da aiki a ɗakin likita sai ba da ido. Malama ta riƙe allo, ni in manna fuskata jikin ta mara lafiya in ja fatar idona ƙasa. Na haɗa kumatu da tsofaffi da amare da masu zazzaɓi. Har likita ta riƙa cewa idona na hagu ta fi sani da fuskata.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowane da halinsa. Sola da ke bisa kwano, in tantabaru sunka ɓata ta ba ki goge ba, batir ba ya cika, kuma ba za ki sani ba sai kina tsakar magana da likita allo ya mutu. Abin awon hawan jini ba a ɗaura shi bisa hannun riga. Ɗan maƙalen da ake sa wa yatsa ya faɗi bugun zuciya, yana ƙin yatsa mai sanyi, yana ƙin farce mai baƙin lalle. Akwai tocila don leƙa maƙogwaro. Sai tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a buta, waɗanda ba ku gan su cikin kwalin da anka kawo daga birni ba. Ni na ƙara su, kuma za ku ga dalili.

Wani dattijo, Malam Ibro, ya taɓa zuwa da miki a ƙafa wanda tun daga ƙofa na ji warinsa. Na zaunar da shi gaban allo. Da ganin likita sai ya gyara hula.

"Likita, ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali? Kun samu ruwa can Sakkwato?"

"Mun samu, Baba. Yaya jikin?"

"A'a, jiki da sauƙi ƙwarai. Gaishe ki naz zo yi."

Ya miƙe zai tafi, sai da na tare ƙofa na ce, "Baba, ƙafar ma tana son ta gaida likita." Ya yi dariya ya ce ni 'yar tonon asiri ce, sannan ya naɗe wando. Mutanenmu haka suke. Baƙo ba a tarbarsa da kuka, kuma likitar cikin allo baƙuwa ce a wurinsu. Tun daga nan na koyi yin tambayata a waje, lokacin da nake zuba wa mutum ruwan wanke hannu, kafin ya shiga ya fara gaisuwa.

Mata kuwa nasu ya fi wuya. Mace in za ta ga likita a allo, gani take hoto za a ɗauke ta a kai birni. Sai ta yi wanka, ta zizara kwalli, ta goga fure da goro har baki ya yi ja. In da lalle a hannu, shi ke nan. Wuraren da likita ke duba ta san ko mutum yana da jini su ne tafin hannu, da farce, da cikin leɓe, da cikin fatar ido, kuma kwalliyarmu a kansu take duka. Mace tana tafiya tana jiri, amma a allo ta fito kamar amarya.

Sai ga shekarar da anka katse layin waya a ƙasarmu duka saboda ɓarayin daji. Kun san ta, wasunku a shekarar kunka bar makaranta. Kasuwanni sunka tsaya, mota ba ta fita sai an taru da yawa an samu rakiya, shi ma ba kullum ba. Malama ta kwashe 'ya'yanta ta koma Isa, ba wanda ya ga laifinta. Ta bar mini mabuɗin kabad ɗin magani da allo. Wani mai fataucin albasa ya samo mini layin Nijar, ya nuna mini tudun da ke bayan gari, inda wani gawo yake tsaye shi kaɗai. Can ake kama rezo, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran sabis. Bai da ƙarfin da za a ga juna. Murya kawai ke tafiya, sai hoto, shi ma da rarrafe.

Wata safiya cikin daminar shekarar, amalanken shanu ya tsaya ƙofar asibiti. Sunayen da za ni faɗa ba nasu ba ne, na sauya su. Mai jan shanun Baffa Sambo ne, dattijon Bafillace daga wata ruga ta hanyar Kurawa. Matarsa Dado tana biye da amalanken a ƙasa, goye da jariri. Cikin amalanken kuwa ɗiyarsu Hajo ce a kishingiɗe. Ta zo gida haihuwar fari, ba a daɗe da suna ba. Lallen suna yana hannunta har gwiwa, farce baƙi ƙirin, ido ya sha kwalli, baki ja. Amma numfashinta sama-sama yake, ƙafafunta sun kumbura.

Na ce, "Hajo, ina ke maki ciwo?"

Ta ce, "Ba komi, Inna. Gajiya ta."

Na juya wajen uwar. "Dado, tun yaushe take haka?"

Dado ta dubi shanu. "Ga ta nan, ku tambaye ta. Ni ɗan mutane nika goyo."

Hajo ita ce ɗiyarta ta fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari, ba ta dubanta ido da ido gaban mutane, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. Mu Gobirawa ma muna da wannan kunya, amma tasu ta fi tamu tsanani. Shi ya sa ta taka da ƙafa tun daga ruga, ga wuri cikin amalanke.

Na sa maƙale a yatsar Hajo, ya ƙi karantawa saboda lalle. Na kama wuyan hannunta, na ji jijiya tana gudu kamar ta tsuntsu. Na ce wa Baffa ya juya shanu mu hau tudu.

Gawo ba ya da ganye da damina, don haka rana tana kanmu sosai. Na ɗaga allo na yi ta juyi har rezo ya kama. Na gaya wa likita duk abin da na gani da abin da na taɓa. Ta yi tambayoyi: ko ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, ko tana wankan jego da ruwa mai zafi, ko tana shan kunun kanwa. Duka amsar i ce, kuma daga bakin Hajo na ciro su ɗaya bayan ɗaya.

Likita ta ce, "Inna Rabi, abu biyu nake tunani. Ko dai zuciyarta ce ta gaji, ko kuwa jini ne ya ƙare mata. In zuciya ce, akwai ƙwayar da za ki fara ba ta daga kabad ɗinki, mu lallaɓa ta har hanya ta yi dama. In jini ne, babu abin da ke kabad ɗinki da zai yi mata. Sai asibitin Sabon Birni, kuma yau. Ina son in ga idonta."

Baffa yana jin komai. Ya san motoci za su fita bayan azahar, ya kuma san hanyar. Ɗan ƙanensa a kan hanyar nan ɓarayin daji sunka ɗauke shi, har lokacin ba labari. Ga shi Bafillace, a shekarar da Bafillace ke tsoron daji yana tsoron gari. Ya dogara da sandarsa ya ce mini, "Malama, ba ni ɗora ta bisa hanyar ga don zato. In kwana ya ƙare, gara ya ƙare mata ɗakin uwarta. Amma in likita ta gani da idonta, ni ma na gani da nawa, to."

Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na fara goge kwallin a hankali, daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da nasa gefen tsumma. Hajo ta ce, da ƙyar, "Inna, kin ɓata min ado. Likita za ta ce ba ni da tsabta."

Na ce, "Likita ta ga waɗanda sunka fi ki muni, ɗiyata. Ta ga ni."

Na ja fatar idon na ɗauki hoto na tura. Munka jira hoton ya rarrafa. Sai likita ta ce, "Rana ta wanke shi, har fuskarta ta yi fari. Ba zan iya yanke hukunci da wannan ba. Ina ido na biyu?"

Da ni kaɗai zan iya, da na manna fuskata na ɗauke mu tare. Amma gilashin da ke ɗaukar hoto ta gaban allon ya tsage tun bara, na baya kaɗai ke aiki. Na ba Baffa allon na nuna masa inda zai taɓa, na haɗa kumatu da Hajo. Hoton ya fito da reshen gawo da ƙahon bijimi. Munka sake, ya motsa allon, hoton ya fito hazo-hazo. Idonsa shi kuma kullum ja yake da amosani, ba a awo da irinsa. Na miƙa wa Dado, ta ɓoye hannu a baya ta ce ita ba ta ɓata kayan gwamnati. Komawa gari neman wata kuwa, rana ta riga ta yi sama, hadari yana haɗuwa ta gabas, kuma da ruwa ya sauko rezo ya tafi.

Na matsa kusa da Dado na rage murya. "'Yar uwa, aro nika so."

"Aron mi?"

"Idonki."

Ta buɗe mini ido. "Ga shi, ɗauki."

"Ba haka ba. Sai kin hau amalanke kin sa kumatunki jikin nata."

Jaririn ya motsa a bayanta, ta jijjiga shi, idonta yana ƙasa. Ban ƙara magana ba. In kin matsa wa mutum a irin wannan wuri, ƙi zai yi, kuma in ya furta ƙin gaban mijinsa ko matarsa ba ya iya janyewa. Ku koyi yin shiru, yana cikin aikin.

Baffa ne ya yi gyaran murya. Ya ce, "Shanun ga sun ji yunwa." Ya tokare amalanke da sanda, ya kwance su, ya kora su gangaren tudu, ya tsaya can ya ba mu baya.

Na ce, "Ni allo za ni duba, ba ku ba. Likita kuwa baƙuwa ta, ba ta san wa ya haifi wa ba."

Dado ta gyara goyo. Ta taka ƙafar amalanke ta hau, ta durƙusa, ta sunkuyo har fuskarta ta taɓa ta Hajo. Da yatsa ɗaya ta ja fatar idonta, da ɗayan hannun ta ja ta ɗiyar. Hajo ba ta motsa ba. Na tsaya inda inuwata za ta rufe su duka biyu daidai, na taɓa allon har hoton ya fito tar, na ɗauka.

Na ce, "An gama."

Ba ta ɗago nan da nan ba. Na ji ta ce, can ƙasa, ba da kowa take ba, "Jikin ga da sanyi." Sannan ta sauko ta koma inda take tsaye da farko.

Hoton ya tafi. Likita ta ce, "Na gani. Kira mini mahaifinta."

Na kira Baffa, na buɗe hoton na faɗaɗa masa shi. Ido biyu gefe da gefe, cikin ɗaya ja kamar sabon nama, ɗayan fari kamar kindirmo. Likita ta fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu kamar tana ganinsa.

"Likita, bari. Mu ma haka muka duba dabba. Saniyar da idonta yay yi haka ba ta ganin kaka."

"To, Baba, ita wannan za ta gani in an ƙara mata jini yau. Amma sai kun je da wanda zai bayar. Ina mijinta, ina 'yan uwanta?"

"Duk suna Nijar da shanu. Ni za ni ba da."

Likita ta ce za ta nemi hanyar sanar da asibitin cewa suna tafe. Ta faɗa mini abin da za ni rubuta musu su riƙe, ta ce a kwantar da Hajo a jingine, kada a shimfiɗe ta. Baffa ya ɗaura shanu. Muna isa bakin hanya ruwa ya fara yayyafi, motoci sun jeru. Wani direba ya sauke buhunan gero biyu ya yi mata wuri. Baffa ya bar shanun hannun mai unguwarmu. Dado ta shiga can baya, wuri mafi nisa da ɗiyar.

Daga nan labari ya yanke. Wannan ma ku san da shi: a aikin nan sau da yawa za ki tura mutum, ba za ki ji ƙarshensa ba. Wani ɗan uwansu ya zo ya kora shanun ban gan shi ba. Na tambayi likita, ta ce ita ma layin can ba ya shiga. Na ci gaba da hawa tudu da masu zazzaɓi da masu tari, har anka yanke gero.

Bayan kaka, wata ranar da ba kowa a benci, Dado ta shigo da ƙwaryar nono a kai. Ta sauke ta gabana, munka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ta tambayi 'ya'yana ɗaya ɗaya, na tambayi shanu da ruga da Baffa. Ban tambayi Hajo ba, na jira.

Can ta ce, "Yarinyar can ta tashi. Har daka takai."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Jinin Baffa ya yi ke nan."

"Bai yi ba. Sun auna shi sunka ce tsoho na, kuma jininshi ya hau. Sai sunka dube ni."

Ta ɗan janye mayafi ta nuna mini cikin gwiwar hannunta. Ba wani tabo da ya rage, amma ta sa yatsa daidai wurin.

Na ce, "Hajo ta sani?"

"Tana kwance, ba ta san inda take ba. Da ta farka anka ce mata jinin asibiti na. Haka za shi zama, Malama."

"Haka za shi zama."

Na juye nonon a kwano, na wanke mata ƙwarya, na zuba mata gero a ciki. Ta ɗauka ta kai ƙofa, sai ta tsaya.

"Hoton nan hwa? Shina nan?"

Na ɗauko allo na nemo mata shi. Ta aje ƙwarya, ta zauna bisa benci, na riƙe mata. Rabin fuskarta da rabin fuskar Hajo, kumatu ya danne kumatu, yatsunta biyu a ƙarƙashin idanun. Ta daɗe tana dubawa. Allon ya dushe na taɓa shi ya sake haske, ya sake dushewa na sake taɓawa.

Sannan ta ce, "Hancin ubanta ta ɗauko. Goge shi, kar wani ya gani."

Na goge a gabanta. Ta aza ƙwarya a kai ta kama hanyar ruga.